Gidan kirki daga awon fili yake farawa

Ka tambaye ni me ya sa nake barin teburin zane in tafi zaman da masu zanen gine-gine ke yi da hukumar tsara birane. Ka ce talaka makwanci yake nema, kyan zane kuwa sai mai kuɗi. To saurara, ɗana.

Idan muka ce zane ya yi inganci, muna nufin iska ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan, ruwan damina ya samu hanyar wucewa, rijiya ta yi nesa da masai, matan gida su samu tsakar gidan da za su yi girki da shanya a cikin sutura. Mai kuɗi in zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Kano, janareta zai tayar ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Mai ƙaramin ƙarfi shi zai kwana a ɗakin bulo da kwanon rufi ya gasa tun hantsi. Ka ga wanda ya fi bukatar mu yi aikinmu da kyau.

Amma sau da yawa kafin fili ya iso hannunmu an riga an kashe shi. Dubi unguwannin awon igiya da ke gefen gari. An yanka gona gunduwa-gunduwa, an bar lungun da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko na asibiti. Kowa ya cike filinsa da gini har kan iyaka, taga tana kallon katangar maƙwabci. Komai gwanintarka, me za ka zana a nan? Ruwan da ka fitar daga wannan gida, gidan gaba zai shiga.

Wannan ne ke kai mu zaman. Doka tana nan. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, akwai dokar tsara birane ta 1992, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, a Kano kuma ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Abin da muke nema shi ne hukuma ta riga jama'a isa fili: ta fitar da tituna da magudanai tun ana noma a wurin, ta yanka filaye daidai ƙarfin aljihun talaka, ta kuma sauƙaƙa takardar izinin gini. Muddin takarda na da tsada da jeka-ka-dawo, mutane wurin mai igiya za su koma, rusau kuma ba ya mayar wa kowa kuɗinsa.

Kada kuma ka ɗauka inganci sai da siminti mai yawa. A Yamai, Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen Niamey 2000 a 2016: gidaje shida masu bene a ƙaramin fili, da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, kowanne da tsakar gidansa da inuwarsa. Magina na da sun san wannan ilimi, shi ya sa zauren ƙasa mai kaurin bango yake da sanyi da tsakar rana.

Gobe za ka je filin da aka kawo mana. Kada ka fara da awon ɗakuna. Auna faɗin layin, duba inda ƙasa ta gangara, tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ka kuma rubuto min gefen da rana ke dukan filin da la'asar.