Hawan keke daga dam ɗin Lamingo zuwa duwatsun Shere

Malam, ka tambaya ko kekenka na cikin gari zai iya zagaya dam ɗin Lamingo da ke Jos har ka doshi duwatsun Shere. Zai kai ka bakin ruwa, amma daga nan tsakuwa ce da gangara, sai taya mai kauri da birki mai kamawa. Da damina na taɓa matse birkin gaba a kan jan laka, sai ga ni kwance, gwiwa duk jini. Ka bari sai Nuwamba, ka fita da sassafe sanye da hular kwano da rigar sanyi, domin hunturun Jos ba ya wasa. Kafin nan, mai gyara ya duba birki da sarƙa, kuma ka nemi wanda ya san hanya ya raka ka.