Filin Tambaya da Amsa: Cibiyar Renon Kasuwanci Za Ta Amfani Mai Iƙama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, iyayena Kanawa, kuma da iƙama (takardar izinin zaman baƙo a Saudiyya) nake zaune. Ni da abokina mun haɗa manhajar waya da ke taimaka wa alhazai masu jin Hausa su gane masaukinsu da tantinsu a Mina, amma jarinmu bai taka kara ya karya ba. Wani dattijo ya ce mu yi rajistar kamfanin da sunan ɗan ƙasa, wani kuma ya ce mu nemi cibiyar renon kasuwanci. Wace shawara za mu bi? (Daga wani mai karatu a Makka)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarar farko, duk da girman wanda ya ba da ita, ku ajiye ta gefe. Tafiyar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa alhali baƙo ne mai shi, shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 5. Ko hukuma ba ta gano ba, ranar da kamfanin ya fara kawo riba ba ku da takardar da za ta shaida naku ne.

Cibiyar renon kasuwanci wuri ne da ke ɗaukar ƙaramin kamfani tun yana jariri, ta ba shi ofis da intanet da horo kan lissafin kuɗi da dokokin ciniki, sannan ta haɗa shi da masu zuba jari. An fara irin wannan a garin Batabiya na Amurka a 1959, kuma a Afirka an san iHub ta Nairobi da CcHub ta Legas. Amfaninta ya fi fitowa a ƙasashe masu tasowa, domin a can banki ba ya ba matashi rance sai da jingina, kuma wanda ba shi da uwa a gindin murhu da wuya ya isa gaban mai kuɗi.

A Saudiyya gwamnati ce ke jan ragamar. A baya shirin Badir ya daɗe yana renon kamfanonin fasaha, hukumar Monsha'at da aka kafa a 2016 tana kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu, kuma Burin 2030, wato shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, yana son kasonsu a tattalin arzikin ƙasa ya tashi daga kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari. Kusa da ku ma akwai Wadi Makkah ta Jami'ar Ummul Ƙura, wadda ke mai da hankali kan fasahar hidimar Hajji da Umara, wato daidai fagen da kuka shiga.

A ganina, ga mai iƙama babbar riba ita ce hanyar halal ta mallaka. Ma'aikatar Zuba Jari tana da tsarin da baƙo mai sabuwar dabara zai yi rajistar kamfani da sunansa, kuma cikin abubuwan da ake nema akwai takardar goyon baya daga cibiyar reno ko jami'ar da hukuma ta amince da ita. Wasu tallafin da rance na 'yan ƙasa ne kaɗai, saboda haka ku tambayi kowace cibiya sharuɗɗanta kafin ku cike fom, ku kuma sanar da kafilinku, wato wanda iƙamarku ke ƙarƙashin sunansa, tun da wuri.

Sai dai kada ku je da tunanin za a miƙa muku kuɗi ranar farko. Yawanci za a fara tambayarku mutum nawa suka gwada manhajar, kuma wa zai biya, alhajin ne ko kamfanin jigilarsa (tambayar da ke kayar da masu fasaha da yawa). Don haka ku gwada ta da masu Umara kafin ku nemi shiga, ku tafi da alƙaluma a hannu. Wasu cibiyoyin suna karɓar hannun jari a madadin hidimarsu, to ku bai wa lauya yarjejeniyar ya duba, kuma kai da abokinka ku rubuta kason kowa a gaban shaidu tun yanzu da babu abin rabawa.