Kuɗina Ƙayyadaddu Ne, Me Zan Fara Saya? Amsoshi Ga Masu Haɗa Kwamfutar Gem

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato haɗa kwamfutar gem ta tebur da kuɗin da ba za a iya ƙarawa a kai ba. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita wasu tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tara kuɗin haɗa kwamfutar gem, kuma ba ni da halin ƙara ko sisi. Abokina ya ce in fara da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mafi ƙarfi, Core i9 ko Ryzen 9, sauran kayan su biyo baya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a malam, kada ka bi wannan shawarar. Kafin maganar furosesa, ka fara tsayar da abu biyu: wane sikirin za ka yi wasa a kai, kuma waɗanne gem za ka riƙa bugawa. Sikirin 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla miliyan biyu da 'yan kai. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K ya haura miliyan takwas, ninki huɗu ke nan na 1080p. Katin girafis ne ke zana kowane ɗigo daga cikinsu, sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. Saboda haka shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Yadda muke raba kuɗin shi ne, a fara cire na sikirin da kibod da linzami gefe guda, domin mutane da yawa sai sun gama haɗa kwamfutar suke tunawa da su. A abin da ya saura, katin girafis ya ci kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Furosesa da madabod (babban allon da ake soka duk kayan a kansa) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki) a haɗe su ci kamar kashi 35. Ragowar a raba wa SSD (inda ake ajiye gem da fayiloli) da akwatin wuta (mai raba wa kayan lantarki) da kes. Ba doka ba ce, amma in ka ga furosesanka ya fi katinka tsada, to lissafin ya karkace.

Furosesa mai ƙwaya shida ya ishi yawancin gem. Ryzen 5 5600, Ryzen 5 7600 da Core i5-12400F duk suna cikin wannan sahun, kuma in ka saye su a kwalinsu suna zuwa da fankarsu. Shi kuwa i9, ba kuɗinsa kaɗai za ka biya ba. Core i9-13900K yana iya jan wat 253 in ya ɗauki aiki, ba ya zuwa da fanka, sai ka nemo babbar na'urar sanyaya, da madabod mai iya ciyar da shi, da akwatin wuta mai girma. Duk wannan daga kason katin zai fito, ƙarshenta ka zauna da furosesa yana hamma yana jiran katin da ya gaza.

Wuri ɗaya ne furosesa ke neman ƙarin kaso. In gem ɗinka na gasa ne irin Valorant ko Counter-Strike 2, kana rage saitin zane don ka samu hotuna 240 a daƙiƙa, to nauyin yana komawa kan furosesa. A nan ne masu alamar X3D suke ficewa, kamar Ryzen 7 7800X3D, saboda ma'ajiyar kusa, wato ma'ajiya mai sauri ta cikin furosesa, mai girman 96MB da ke jikinsa.

Tambaya: Kati iri ɗaya, suna ɗaya, amma wani 8GB wani 16GB. Bambancin kuɗin ya cancanta?

Amsa: A 1080p, in ba ka damu da ƙure saiti ba, 8GB yana ɗauka har yanzu. In 1440p ka nufa, ko kana son katin ya yi maka shekaru, ɗauki mai 16GB. RTX 5060 Ti da RX 9060 XT, waɗanda suka fito a 2025, duk ana sayar da su a nau'i biyun. Abin da ke faruwa in ma'ajiyar katin ta cika shi ne, gem ɗin zai fara aron RAM ɗin kwamfuta, wanda hanyar zuwa wurinsa ta fi nisa da jinkiri. Sai ka ga adadin hotuna a kusurwar sikirin yana nuna lafiya lau, amma wasan yana sarƙewa duk lokacin da ka juya, ko bango da fuskoki su fito dishi-dishi kafin su washe. Maganin gaggawa shi ne rage ingancin zanen saman abubuwa da mataki ɗaya.

Amma kada yawan GB ya ruɗe ka, domin ba shi ne ƙarfin kati ba. Akwai kuma tarkon suna. RTX 3050 mai 6GB ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, injinsa ma an datse shi, ya fi mai 8GB rauni sosai. RX 6500 XT yana da 4GB, kuma layi huɗu kacal yake amfani da su a gurbin PCIe, inda ake soka kati a madabod, don haka a tsohon madabod mai PCIe 3.0 yana shaƙewa. Arc B580 na Intel yana da 12GB, sai dai ba ya nuna ƙarfinsa sai an kunna saitin Resizable BAR a cikin BIOS, wato shafin saitunan madabod, kuma tsoffin kwamfutoci ba su da shi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, kuɗina bai kai ba. In ɗauki AM4 da ya tsufa ko in daure in shiga AM5?

Amsa: Malama, amsar tana ga yadda kike canza kaya. AM4 soket ne, wato mazaunin furosesa a madabod, da furosesocin Ryzen na AMD suka fara hawa a 2017, yana aiki da RAM nau'in DDR4. AM5 ya zo a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da fitar masa da furosesoci har 2027 ko bayan haka. Ma'ana, duk wanda ya shiga AM5 zai iya canza furosesa nan gaba ba tare da ya taɓa madabod ba. AM4 kuwa ya kusa kai ƙarshen hanyarsa.

Ki lissafa ukun tare, furosesa da madabod da RAM, a kowane ɓangare. In rarar da AM4 zai bar miki ta isa ta ɗaga katinki zuwa mataki na gaba, ɗauki Ryzen 5 5600 da madabod B550, ki zuba rarar a kati. Za ki ga amfanin a sikirin tun ranar farko. In rarar ba ta taka kara ta karya ba, AM5 ya fi. Yawancin masu cewa za su canza furosesa bayan shekara biyu ba sa canzawa, sai kwamfutar ta tsufa gaba ɗaya.

Ki kula da 5600G. Sunansa ya yi kama da 5600, amma ma'ajiyarsa ta kusa rabi ce, 16MB maimakon 32MB, kuma PCIe 3.0 yake tsayawa. An yi shi ne don wanda ba zai sayi kati ba. A ɓangaren Intel kuma, madabod mai soket LGA1700 kala biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, da wuya a samu mai karɓar duka biyun. Ki karanta kwalin kafin ki sayi RAM, domin tsagar da ke ƙasan sandunan ba wuri ɗaya take ba, ba za su shiga gurbin juna ba.

Tambaya: A RAM, sanda ɗaya ta 16GB ko biyu masu 8GB?

Amsa: Biyu, kuma a saye su a kwali ɗaya. Furosesa yana magana da RAM ta hanya biyu a lokaci guda, sanda ɗaya tana barin hanya ɗaya a rufe. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake sakawa in an ƙirga daga wajen furosesa, za ka ga an rubuta A2 da B2 a jikin allon. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM, wato XMP, ko EXPO in AM5 ne. In ba ka yi ba, RAM ɗin da aka rubuta wa 6000 zai zauna a 4800, na DDR4 mai 3200 ko 3600 kuma ya sauko 2133 ko kusa da haka, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora ba. 16GB shi ne mafi ƙaranci a yau. In kuɗi sun ba da dama, 32GB ya fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Na samu akwatin wuta an rubuta wat 600 a jikinsa, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Ba wat ɗin ne ke da muhimmanci ba?

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado, kuma a nan ne ta fi cutarwa, domin akwatin wuta shi ne kayan da in ya mutu yana iya tafiya da kati da madabod. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Nemo layin da aka rubuta +12V, ka duba amfiya nawa ke ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Kati da furosesa daga wannan layin suke sha. In ka ga 45A, wat 540 ke nan, akwatin gaskiya ne. In ka ga 30A, wat 360 ne, sauran adadin an cike shi da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta ja da yawa daga gare su.

Buƙatarka ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ryzen 5 7600 yana tsayawa wajen wat 88, RTX 4060 wat 115, sauran kayan ka ƙiyasta musu wat 50. Ba ka kai 300 ba, akwati mai inganci na wat 550 ya wadatar har da rara. Kati irin RX 7800 XT mai wat 263 shi ke neman 700 zuwa 750. Dalilin barin rara shi ne kati yakan fizgi wuta fiye da adadinsa na ɗan ƙiftawar ido. Akwati mai rauni sai ya kashe kwamfutar tsakiyar wasa, ta sake tashi da kanta, mai ita ya yi ta zargin Windows.

Tambarin 80 Plus, ko Bronze ko Gold, yana auna yawan wutar da ba ta ɓata a zafi ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce. Abin dubawa shi ne garanti na shekara biyar ko fiye, da jerin kariyar da aka rubuta a kwali, irin su OCP, OVP, SCP da OTP. In katinka yana da bakin wuta biyu masu fil takwas, ja wa kowanne wayarsa daga akwatin. Sannan wayoyin akwatin da ake cirewa ba a musanya su da na wani akwatin, ko da bakin ya shiga daidai. Tsarin fil ɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan kuskuren yana iya ƙona SSD nan take.

Tambaya: SSD na Gen 5 zai ƙara wa gem gudu?

Amsa: Ba zai ƙara ba. SSD nau'in NVMe na Gen 3 yana karanta kimanin 3,500MB a daƙiƙa, na Gen 4 kimanin 7,000, amma wajen buɗe gem bambancin ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. Girma ya fi gudu amfani. Sayi 1TB, wanda Windows zai nuna maka a matsayin 931GB, domin akwai gem da shi kaɗai ya haura 100GB.

Tambaya: Na haɗa komai, fankoki suna juyawa, fitilu suna ci, amma sikirin baƙi ƙirin. Na lalata wani abu ne?

Amsa: Da wuya. Leƙa bayan kes ɗin tukuna. Wayar sikirin a ramin katin girafis take shiga, waɗanda ke kwance a ƙasa, ba ramin madabod da ke sama kusa da na USB ba. Furosesocin Intel masu harafin F, da Ryzen 5 5600, ba su da girafis a jikinsu, don haka ramin madabod ba zai ba da hoto ba ko kaɗan.

In wayar tana daidai, cire wuta, ka zare sandunan RAM ka mayar. Danna kowace da ƙarfi har sai ka ji ƙas, maƙallan gefe sun rufe da kansu. Sabon mai haɗi yakan ji tsoron dannawa ya bar sandar a rabi. Duba kuma wayar furosesa mai fil takwas da ke saman madabod ta hagu, ita aka fi mantawa. Tana rabuwa huɗu da huɗu, ta katin kuwa shida da biyu, kada ka tilasta ɗaya a gurbin ɗaya. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama, CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (kati) da BOOT (ma'ajiyar da Windows ke tashi daga ciki). Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. In AM5 ne kuma fitilar DRAM ce ke ci a tashin farko, ka ba shi minti biyar kafin ka taɓa komai, yana gwada RAM ɗin ne.

In fitilar CPU ce ta ƙi mutuwa, wataƙila BIOS ɗin ya girmi furosesan. Haka yakan faru in an haɗa madabod B450, ko tsohon ajiya na B550, da Ryzen 5000. In madabod ɗin yana da maɓallin BIOS Flashback a bayansa, sauke sabon fayil daga shafin kamfanin a wata kwamfutar, ka sa a filas da aka tsara da FAT32, ka canza wa fayil ɗin suna yadda littafin madabod ya ce. Soka filas ɗin a ramin da aka yi wa alama, wayar fil 24 da ta fil takwas suna jone, kwamfutar a kashe, sannan ka danna maɓallin. Fitila za ta riƙa ƙyaftawa na 'yan mintuna. Kada ka cire wuta ko filas ɗin sai ta daina.