Tambayi Likita: Ina son koyon aikin ƙashi, ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dokta. Ni likita ne, na gama a Jami'ar Abdou Moumouni, shekara 2 ke nan ina aiki cikin jihar Tawa. Da wuya rana ta faɗi ba a kawo mana wanda ya faɗi da kabu-kabu ba, ko yaron da ya faɗo daga bisa icce, mu kuwa iyakarmu mu ɗaure mu tura gaba. Abin yana ci mini rai. Ina son shiga karatun ƙwarewa a tiyatar ƙashi. Wace hanya zan bi, kuma me ake dubawa kafin a ɗauki mutum? Ina da mata da ɗa guda.

Ƙaninka daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Wasiƙarka ta faranta mini rai, domin mu masu aikin nan ba mu da yawa, karaya kuwa kullum ƙaruwa take tun da babura suka cika gari.

Karatun da kake nema shi ne DES, wato diflomar ƙwarewa ta likitoci, na tiyatar ƙashi da raunuka, shekara 5 ake yi. Fara da gida: ka zo Yamai ka haye gada zuwa Harobanda inda jami'ar take, ka shiga sakatariyar tsangayar likitanci ka karanta sanarwar bana da idonka, kada ka dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Bayan gida akwai Dakar, Abijan, Kwatano, Lome da Wagadugu, wasu kuma Maroko suke zuwa ko Tunisiya. Duk inda ka nufa, ka tabbatar CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'o'i, ta amince da takardar kafin ka kashe ko dala. Nijeriya ma hanya ce, asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, kuma maras lafiya da Hausa zai yi maka bayani. Sai dai can da Ingilishi ake karatu, kuma sai ka yi rajista da hukumar likitocinsu ka ci jarrabawar farko ta kwalejin tiyata.

Takardu ba su da wuya, lokaci suke ci: difloma da sakamakon shekaru an buga musu hatimi, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, shaidar rajista a hukumar likitoci, da takardar kotu mai nuna ba ka da laifi. Wannan ta ƙarshe wata 3 ne ranta. Ni shekarata ta farko a kanta na rasa gurbi, na karɓe ta da wuri, ranar ajiye dosiye, wato takardun neman shiga, aka ce ta tsufa, kafin in koma garinmu in sake an rufe. Shekara guda cur na yi ina jira. Idan kuma ma'aikacin gwamnati ne kai, izinin tafiya karatu shi ne farkon abin nema, don shi ke riƙe maka albashi. Mai iyali kada ya tafi babu shi. Ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafin haya da cefane na shekara 5 tun yanzu, ka kuma leƙa ANAB, hukumar ƙasa mai ba ɗalibai tallafin karatu, kan maganar bursu.

Jarrabawar shiga kuwa, ginshiƙinta ilmin sassan jiki. Ƙasusuwa 206 ba su ne wahalar ba, wahalar sanin wace jijiya ke bi ta ina. Ka iya zana gwiwar hannu da ƙugu da ka, ba littafi a gabanka.

Amma ga abin da na fi son ka ji. Malaman da ke zaɓe, hannun mutum suke son sani. Dosiye duk iri ɗaya ne, abin da ke raba su shi ne a samu babba guda da zai ce: "Wannan yaron na gan shi a ɗakin tiyata, ba ya gudun aikin kwana." Saboda haka hutunka na bana kada ka kashe shi a gida. Ka nemi izini ka yi shi a sashen ƙashi na Babban Asibitin Ƙasa a nan Yamai. Ka riƙe ƙafa a sa filasta, ka wanke miki, ka tsaya awa 4 kana riƙe da ƙarfe ba ka yi ƙorafi ba. Idan ka samu dama ka leƙa asibitin yara na CURE ka ga yadda ake miƙar da ƙafar jariri da aka haifa a murɗe, da filasta mako-mako bisa tsarin Ponseti. Sannan ka sayi littafin rubutu, duk wanda ka taɓa ka rubuta shekarunsa, irin karayar, abin da aka yi, da yadda ya ƙare. Har a Tawa kana iya fara wannan gobe. Karaya 100 a rubuce da hoton ƙashinsu sun isa ka fitar da bincike da sunanka a kai.

Ka kuma san irin aikin da ke jiranka, don ba na littafi ba ne. Wani yaro ɗan shekara 7 da aka kawo mini ba ya barin raina. Ya karye a saman gwiwar hannu, aka ɗaure masa da kara da tsumma tamau, kwana 5 yana kuka ana cewa ɗori ne ke kamawa. Da muka kwance, yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi, ko allura ba ya ji. Kumburi ya rasa wurin zuwa, ya toshe jini. Hannun bai tsira ba. Uban ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ni ma daren nan ban runtsa ba. Irin wannan za ka riƙa gani, da karayar da ta yi wata 6 ta haɗe a karkace, da ƴan sikila masu ruɓar ƙashi ko ƙugun da ya mutu tun suna samari.

Duk da haka kada ka zagi maɗori a gaban majinyaci. Mutane sun san shi kafin su san mu, kuma shi ke kusa da su. Akwai wani dattijo da na yi shekaru ina gaisawa da shi, muka daidaita a kan abu biyu: in ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka canza launi, ya turo nan take. Ya cika alkawari, kuma ƙafafun da suka tsira ta dalilinsa suna da yawa. Ka nemi irinsa a Tawa tun kafin ka tafi karatu.

Idan ka shigo Yamai, ka bar saƙo a ofishin mujallar nan za su haɗa mu. Ka taho da littafin nan naka, ko shafi 10 ne ka cika, mu duba tare. Ka gaida iyali.