Yara na yi wa kakarsu dariya idan ta mance sunayensu

'Yar'uwa, kin ce surukarki ta dawo gidanku a Gombe, yaran na yi mata dariya idan ta mance sunayensu, kina neman yadda za ki koya musu kula da ita.

Wasan jika da kaka al'adarmu ce, kada ki hana su. Amma ki zaunar da su ki faɗa musu cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba kamar yadda wasu ke ɗauka. Ko sau nawa ta maimaita tambaya, su amsa mata, ban da gardama.

Sannan ki ba kowa aikinsa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, saboda haka a zafin Maris da Afrilu wani ya riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. Wani ya kwashe tarkace daga hanyar banɗaki, ya haska mata fitila da dare, domin faɗuwa ɗaya kan karya ƙugu. Magani dai ya zauna a hannunki.

In ruɗewar ta zo mata farat ɗaya, ku kai ta asibiti nan take, zazzaɓi ko ciwon fitsari kan jawo haka.