Kafin ki miƙa wa samarin nan yara, su fara koyon jefa ƙwallo

Wa'alaikumus salam, Malama. Tun jiya na ga tambayarki. Kin ce makarantarku da ke wajen Dogon Dutse ta samu kyautar raket ashirin, kuma akwai samari biyu a unguwa da suka iya tanis sosai, kina son sanin ko za ki damƙa musu 'yan firamare kai tsaye ko sai sun samu horo. Ki dakata tukuna, kada ki damƙa musu. Bari in ba ki labarin kaina ki ga dalili.

Ni a bakin fili na tashi a nan Jos, ina tsintar wa manya ƙwallo suna ba ni na ƙosai, har hannuna ya faɗa. Ranar da aka fara ba ni yara, a zatona tunda na iya wasa, magana ta ƙare. Yara goma sha huɗu na jera a layi ɗaya, na ba su raket ɗin manya, na tsaya a ƙetaren raga da kwandon ƙwallo ina turo wa kowa biyu-biyu. Yaro ya kai duka ya kuskure, ya koma ƙarshen layi ya jira. Ni kuwa sai zuba bayani nake yi a kan riƙo da lanƙwasa gwiwa kamar mai wa'azi. Wata rana na waiga sai na ga wata 'yar shekara bakwai ta fice daga layi, ta zauna a kan raket ɗinta a gindin waya tana gina ɗaki da ƙasa. Na daka mata tsawa. Da na koma gida na zauna na yi lissafi, ashe a awa guda yarinyar nan ba ta taɓa ƙwallo ya wuce sau goma sha biyu ba. Ko ni ne a matsayinta ginin ɗakin zan yi. Cikin sati uku yara huɗu suka rage mini.

Abin da zai faru da samarinki ke nan in ba a gyara musu tunani ba, kuma wanda ya fi iya wasan shi ya fi saurin faɗawa wannan rami, domin ya manta lokacin da bai iya ba.

Akwai dalilin da ya wuce haƙuri ko rashinsa. A ƙa'ida, ƙwallon manya mai ruwan ɗorawa in an sake shi daga tsayin santimita 254, yakan taso tsakanin santimita 135 zuwa 147. Ki duba tsayin ɗan aji ɗaya, za ki ga ƙwallon ta saman kansa yake wucewa. Mu kuma a Jos abin ya ƙaru, saboda muna kan tudu kimanin mita 1,200, iskarmu ba ta da kauri, ƙwallo ya fi gudu a nan fiye da Legas. Duk ɗan wasan da ya zo daga kudu yakan yi kwana biyu yana cilla ƙwallo waje kafin ya saba. To ina ga yaro?

Shi ya sa hukumar tanis ta duniya, ITF, ta fito da shirin Play and Stay a 2007, daga 2012 kuma ta mayar da shi doka cewa gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa ba a yin ta da ƙwallon manya. Mataki uku ne. Jan ƙwallo, wanda aka rage wa gudu da kashi 75 cikin 100, na 'yan shekara biyar zuwa takwas ne, a fili mai tsawon mita 11 da faɗin mita 5 zuwa 6, raga kuma santimita 80. Sai mai ruwan lemo, rabin gudun na manya, a filin mita 18. Sai kore, wanda aka rage wa kashi 25, a cikakken fili na mita 23.77. Ku da ja za ku fara, kuma albishirinki, ba kwa bukatar filin tanis sam. Dandalin asambile in da siminti ya isa. Alli, igiya da kujeru biyu, an yi fili. Na taɓa fitar da guda huɗu a wajen da ake ajiye motocin malamai.

Yanzu ga yadda nake yi da duk saurayin da aka kawo mini ya zama koci. Ranar farko ba ya ganin yaro ko ɗaya. Nakan sa shi ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya riƙe raket da hannun da bai saba da shi ba, ni kuma in riƙa turo masa ƙwallon manya ina yi masa surutu a ka. Minti biyar sai ki ga fuska ta canza. Sai in ce masa, to haka yaro yake ji a hannunka.

Daga nan sai jifa. Wannan shi ne abin da suka fi rainawa, alhali shi ne rabin aikin. In zana da'ira da alli, faɗin faifai biyu, in ce ya jefo ƙwallo da hannu daga ƙasa, a hankali, ya sauka a ciki ya taso daidai ƙugun yaro. Sai ya yi goma a jere kafin mu wuce. Wani gwani da ke cin kofi a gasar matasa ya kwana uku a kan wannan yana gumi yana jin haushina. Amma kocin da jifarsa ba ta da saiti, kullum yaro ne zai sha faɗa a kan laifin da ba nasa ba.

Sai baki. Dokata ita ce bayani kada ya wuce numfashi biyu, sauran a nuna, gani ya kori ji. Kuma a yi da harshen da yaran suke wasa da shi. In na ce wa yaro ya ɗebo ƙwallon daga ƙasa kamar yana ɗibar koko da ludayi ya watsa ta bayan kafaɗa, nan take yake yi. Sunayen Turanci su biyo baya. Layi kuwa na haramta shi. Yara bibbiyu ake haɗawa, wannan ya mirgina wancan ya tare, wannan ya jefa wancan ya cafe, sannan raket ya shigo, su riƙa ƙirga sau nawa suka mayar wa juna ba tare da ya faɗi ba. Tun ranar farko a bar su su yi sabis, wato bugun fara wasa, ta ƙasa su ci maki. Yaron da ya koma gida yana cewa "Umma, mun kai bakwai!" gobe shi zai riga kowa zuwa.

Ke ma kina da aiki, kuma ba sai kin san tanis ba. In sun fara da yaran, ki zauna a gefe da biro, ki zaɓi yaro ɗaya a ranki, wanda ya fi kowa sanyi, ki riƙa jan layi duk lokacin da ya taɓa ƙwallo har minti goma. Ni in na ga bai kai arba'in ba, na san kocin yana surutu ne ko ya manne wa gwanayen ajin. Ki nuna masa takardar bayan yara sun tafi, ba a gabansu ba.

Batun takardar shaida, tana da amfani kuma su nema. Matakin farko na ITF sunansa Play Tennis, kwas ne na 'yan kwanaki, kuma ta hannun hukumar tanis ta Najeriya ake yin sa. Ki tuntuɓi masu kula da tanis a hukumar wasanni ta jihar Filato su sanar da ku in za a yi. Kafin nan, akwai ITF Academy a intanet, da gajerun darussa na kyauta da za su iya bi a waya. Sai dai na ga masu satifiket da har yau suke jera yara a layi, don haka biron nan naki kada ki ajiye shi.

Abubuwan gida kuma, waɗanda in an yi sake da su shirin zai mutu. Kada lokacin ya ci karo da Islamiyya. Ni yammacin Alhamis ya fi yi mini, Lahadi kuma na bar ta saboda yaran da ke zuwa coci. Da damina ruwan Jos da rana yake sauka, a tanadi wasan da za a yi a baranda. Ban yarda da bulala ko tsallen kwaɗo ba, kuma koci ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko wane ne shi. Ki sa malama mace ɗaya cikin horon nan tare da samarin, domin iyaye da yawa sai sun gan ta za su bar 'ya'yansu mata su zo, kuma ƙaramin hijabi da wando ba sa hana komai. In an samu bahago a bar shi da hagunsa, raket ba tuwo ba ne, a wasan nan ma bahago wahalar karawa gare shi.

Sai raket ɗin da aka ba ku. Ki sa tef ki auna su tun daga gindi har kai. Na manya inci 27 ne, na 'yan jan ƙwallo kuwa kada ya wuce 23. In babu tef, yaro ya tsaya ya riƙe shi ya saki hannu, in kan yana jan ƙasa ya yi masa girma. Masu kyauta sau da yawa tsofaffin nasu suke kawowa. In na manya ne duka, ki adana su a sito, kuɗin farko da ya shigo a sayi ƙanana ko da shida ne da jan ƙwallo dozin biyu, yaran su riƙa karɓa-karɓa. Ki auna ki faɗa mini nawa ne suka yi daidai, sai in tsara miki darasin sati huɗu na farko a kan abin da ke hannunku.