Ga mai neman launi da zanen da za ta ɗora a kan duwatsu

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin ce ke da yaranki kun fara yi wa duwatsu fenti, amma dabara ta ƙare miki, kuma abin da kike kwaikwayo a Facebook in kin gama sai ki ga bai zauna ba. Ba hannunki ne da laifi ba. Yawancin masu waɗancan hotuna duwatsun bakin teku suke samu, masu santsi sumul. Mu nan Maraɗi ƙasar yashi ce, abin da ke zuwa hannu sai jar marmara mai ramuka da tsakuwar da ake jibgewa wurin gini. Shi ya sa ni dutsen nake fara dubawa kafin in yanke abin da zan zana.

Marmara shan fenti gare ta, siririn layi ba ya fita a kanta. Amma jan nata launi ne da kika samu kyauta. Ki wanke ta da burushi, ta bushe sarai a rana, ki sa fari da baƙi kawai, ki bar jan yana leƙowa tsakani. Mai santsi kuwa, in kin dace da ita, ki adana ta don ƙaramin aiki.

Zane kam, ki shiga babbar kasuwa ki zauna wajen masu faifai. Ki ɗauki guda ki duba da kyau: daga cibiya aka fara, ana ta zagaye, sai an yi ƴan layuka a sauya launi, ja irin na karan dafi, baƙi, sai farin kaba a bar shi yadda yake. Launi uku ke nan, kuma ido ba ya gajiya da shi. Wannan tsarin yana hawa kan dutse mai kewaye kamar don shi aka yi. Gaba kaɗan ki leƙa masu ƙwarya, ki ga yadda suke jera kusurwa uku-uku suna cike wasu da ƙananan layuka, suna barin wasu fayau. Barin wuri fayau ɗin nan shi ne abin da masu farawa ba sa iya haƙuri da shi, sai sun cike ko'ina. Dogon dutse kuma aska takwas ta babbar riga ce ta dace da shi. Dagi, wato sarƙaƙƙen zanen nan na tambarin Arewa, yana da wuyar sha'ani, sai kin ɗiga alamun kusurwoyinsa da fensir tukuna ki haɗa. In kina da maƙwabciya mai zanen lalle, ki riƙe ta da kyau, don ta saba aiki a ɗan ƙaramin wuri mai lanƙwasa. Wanda ya taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram ma ya ga zanen bango da zai ishe shi shekara.

Irin wannan zane yana kuma raba ki da surutun masu cewa ba a zana abu mai rai. Sai dai ban ba ki shawarar rubuta aya a dutsen da zai iya ƙarewa a ƙasa yara na wasa da shi ba.

Launi kuma yana tsakar gida. Gashin zabuwa, toka-toka da ɗigon fari, shi ne abin da yara suka fi saurin iyawa: kan ashana don manyan ɗigo, tsinken tsintsiya don ƙanana. Jar akuyarmu ta Maraɗi, in kika haɗa jan nan nata da ruwan ƙwai, abin sai wanda ya gani. Akwai kuma fatar raƙumin dawa, irin waɗanda aka kawo gandun dajin Gadabeji daga Kure a 2018: faci-facin ruwan ƙasa da farin layi tsakani, kuma ko hannun yaro ya karkace ba mai ganewa. Gabanin 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai, ko 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ki yi na tutar Nijar, ruwan lemo da fari da kore.

Ki bar kowane launi ya bushe kafin ki ɗora wani. Da hunturu ki kifa kwano a kai, in ba haka ba ƙura ta manne a ɗanyen fenti. A ƙarshe ki shafa man ƙyallin da kafintoci ke sa wa katako, shafi biyu marasa kauri, kuma ki fara gwadawa a dutse guda, don wani fentin yana narkewa in man ya taɓa shi.